Ƙanƙararmu Laka Ce: Tuƙin Damina a Injamena



Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Injamena. Garin da a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40, har sitiyari ya gagari dafawa da tsakar rana sai an naɗa masa tsumma, ina shi ina dusar ƙanƙara? Ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda yara ke turawa a baro gab da shan ruwa lokacin azumi. Amma duk direban da ya yi damina uku a ƙasar nan ya san abin da direban Kanada ya sani. Akwai ranar da za ka murza sitiyari mota ta ƙi juyawa, ka taka birki ta ƙi tsayawa, ta ɗauke ka a gicciye kamar kwalekwalen da ruwa ya ƙwace wa matuƙi, ba ka da abin yi sai salati. Su can ƙanƙara ke yi musu haka. Mu nan laka ce.

Sana'ata taya ce da kayan gyaran mota, kuma na haura shekara 20 ina yin ta a garin nan. Mai sayar da taya kuwa ba abin da ba ya ji, domin duk wanda hanya ta wahalar, rumfarsa yake fara zuwa ya sauke bayani kafin ya tambayi farashi.

Bari in fara da ƙasar kanta, don wanda bai taɓa zuwa ba. Injamena tana zaune ne daidai inda kogin Logon ya haɗu da kogin Shari. Ƙetaren ruwa garin Kusuri ne na Kamaru, inda aka yi yaƙin da Rabe ya mutu a ranar 22 ga Afrilu, 1900, tare da kwamandan Faransawa Lami wanda aka sa wa garin nan sunansa. Shi ya sa tsofaffinmu da suka bi ta nan zuwa Makka a ƙasa suke ce masa Fallomi har yau, ko da yake tun 1973 aka sauya sunan. To duk wannan yanki, daga nan har Gambaru da Dikwa a Barno, tsohon gindin Tafkin Chadi ne na zamanin da. Shimfiɗe yake kamar faifai. Ba tudu, ba dutse. Ka yi tafiyar yini ba ka tsinci tsakuwar da za ka jefi akuya ba. Dutsen da ake zuba wa titi sai an ɗauko shi daga wajen Dandi, can kusa da tafki, shi ya sa kwalta take da tsada a nan, shi ya sa kuma da ka sauka daga manyan titunan gari sai ka tsinci kanka a kan ƙasa tsagwaronta.

Ƙasar kuwa baƙar laka ce, wadda Barebari ke kira firgi. Da rani ta bushe ta yi tauri kamar daɓen siminti, ta dare, har ka iya zura hannu a tsagarta. Mota na gudu a kanta kamar a kwalta. Ruwa na taɓa ta sai ta kumbura, tsagar ta rufe, ta daina shan ruwa. Ruwan shekara a nan bai kai na Kano ba, amma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake zubowa, kuma ba shi da gangaren da zai bi ya tafi. Sai ya zauna. Manomi na son ta, domin a kanta ake dasa masakwa, wadda 'yan Chadi ke kira berbere, dawar da ake dasawa bayan ɗaukewar ruwa ta nuna da danshin ƙasa kawai. Abin da ya zama arzikin manomi shi ne azabar direba.

Mutane da yawa suna zaton ranar da aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya ita ce ranar haɗari. A'a. Ranar nan kowa ya san matsayinsa, kowa ya ajiye mota. Ranar haɗari ita ce ta yayyafi, ko ta ruwan farko. Saman ƙasa ya jiƙe kaurin ɗan yatsa, ƙarƙashi kuma yana nan da taurinsa. Sai ya zama kamar an shafa man shanu a kan faranti. Taya ba ta nutsewa balle ta samu abin kamawa, sai dai ta yi ta sulɓi a sama. Ido ba ya ganin komai, hanya lafiya lau, ga ta nan baƙa tana ɗan ƙyalli. Wannan ƙyallin shi ne gargaɗin. Ga kuma ɗankon tsiya: kafin ka yi tafiyar mita 100 laka ta cike zanen taya, sabuwar tayar da ka saya jiya ta koma sumul kamar ƙwai.

Ɗan yayata yana Montiriyal ta Kanada, yana tuƙa motar raba kaya. Shekararsa ta farko a can ya kira ni wani dare, muryarsa na rawa. Ya ce, "Kawu, yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Titi wankakke, ba ko ɗigon dusar ƙanƙara, na zo kan wata gada na ɗan taɓa birki, sai ga ni ina kallon inda na fito." Allah ya kiyaye, ba mota a bayansa. Abin da ya taka shi ne wanda suke kira baƙar ƙanƙara: ruwa ne siriri ya daskare a kan kwalta, garau kamar gilashi, launin titi kake hangowa ta cikinsa. Gada kuma ita ke fara daskarewa, saboda iska mai sanyi na bin ta sama da ƙasa. Na ce masa, "Yaro, ai ka san abin nan. Ka manta hanyar Digel bayan ruwan farko?" Ya yi shiru, sannan ya yi dariya, ya ce wallahi Kawu ita ce sak.

Mu ma muna da tamu baƙar ƙanƙarar a cikin gari, kuma kan kwalta take. Duk inda layin unguwa ya fito ya haɗu da babban titi, motoci da babura na kwaso laka a ƙafafunsu su shafe kwaltar da ita. Yayyafi ya sauka a kai, ga ƙurar wata takwas, ga baƙin man da manyan motoci suka ɗiga tun rani. Je ka tsaya a shataletalen Shagwa da safe bayan an kwana ana yayyafi, ka ƙirga 'yan kilando nawa za su zube. Kilando shi ne ɗan acaɓa a bakin mutanen nan. Su suka fi kowa shan wuya, ƙafa biyu ce gare su, kuma yawanci da mace da goyo a baya. Direban mota da ya bi bayan ɗan kilando kurkusa a irin wannan safiya, in yaron nan ya faɗi, ba birkin da zai cece shi. Littafin dokokin hanya na Ingila ya ce a jiƙaƙƙen titi nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yakan ninka sau biyu, a kan ƙanƙara kuwa yana iya kai wa ninki 10. Kwaltar da aka shafe da laka, a ganina, ta fi kusa da ta biyun.

Abin da tsofaffin direbobin hanyar Abeshe ke koya wa yaransu, da abin da makarantar tuƙi ta koya wa ɗan yayata da kuɗi masu yawa, kusan karatu ɗaya ne. Santsi ba ya son gaggawa a komai: ba a fizgar sitiyari, ba a danna totur, ba a dankara birki. Wani tsohon direba, Balaraben Shuwa da ke sayen taya a wurina, yakan ce ka tuƙa kamar ka ɗora ƙwaryar nono cike a kan cinyarka. Kalmar da ya fi faɗa wa yaronsa ita ce "bishesh, bishesh", wato sannu-sannu da Larabcin Chadi. Za ka tashi a santsi, ka tashi da giya ta biyu, ka saki kuloci a hankali, don giya ta ɗaya ƙarfinta ya yi yawa, taya za ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana haƙa wa kanta rami. Za ka rage gudu, ka rage tun kana kan miƙaƙƙiyar hanya, da giya, kafin ka shiga kwana. In ka shiga kwana sannan ka tuna da birki, to ka makara.

In kuwa ta riga ta ƙwace, bayanta ya fara zagayowa, a nan ake gane direba. Ƙafa tana son ta tafi kan birki da kanta, sai ka hana ta. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka mayar da sitiyari wajen da gindin motar ya nufa, idonka a kan inda kake son zuwa. Kada ka kalli ramin. Hannu na bin ido ne, wanda ya ƙura wa kwalbati ido kwalbatin zai samu. Motocin yanzu masu birkin ABS kuma da nasu hukuncin: in dole ta sa ka taka, taka ka riƙe, za ka ji feda na kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, ba lalacewa ta yi ba, aikinta ke nan. Tsohuwar mota marar wannan na'ura ita ake yi wa taka-saki, taka-saki. Na ga direbobi da dama da suka saba da tsohuwar Fijo, aka ba su sabuwar mota, suka ji fedar na rawa suka ɗaga ƙafa a tsorace.

Hanyoyin ƙasa na nan kuma an yi su ne da ɗan tudu a tsakiya, don ruwa ya gangara gefe. Da rani ba ka ma lura. Da damina wannan ɗan tudun shi ke zame da mota a hankali, a hankali, har ta kwanta a lambatu, kana tafiyar da ba ta fi ta mai keke ba. Sai ka riƙe tsakiya, ko ka sa ƙafafunka cikin sawun motar da ta riga ka, muddin sawun bai yi zurfin da cikin motarka zai zauna a ƙasa ba. Matsalar ita ce in kun yi kiciɓis da wata motar, kowa na riƙe da tsakiya. A nan ake sanin ɗan halak. Ƙa'idar da direbobi suka ɗora wa kansu ita ce marar kaya ya tsaya cak ya ba mai kaya hanya, don mai kaya in ya tsaya ba lalle ya iya tashi ba.

Yanzu bari in taɓo masu kat-kat, manyan motocin nan masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda duk ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa yake fara saya. Ba na hassada, mota ce mai kyau, kuma a ƙasa irin Chadi ba alfahari ba ce, larura ce. Amma akwai ruɗin da take sa wa mai ita. Ƙafa huɗu na taimaka maka ka tashi, ka fita daga inda ƙaramar mota za ta kafe. Wajen tsayawa fa? Kowace mota a duniya birkin ƙafa huɗu gare ta. Ke nan a santsi babbar Toyota ba ta fi ƙaramar tasi iya tsayawa ba, ta ma fi ta nauyi, ta fi ta tsayi, ta fi ta saurin kifewa. Ɗan yayata ya ce a can ma haka ne, ranar da aka yi ruwan dusar ƙanƙara na farko, manyan motocin masu kuɗi ake fara gani a rami. Mai ƙaramar mota tsoro ya riga ya koya masa hankali.

Kafewa ita ba abin kunya ba ce, kowa na kafewa. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne abin da ya yi a minti na farko. Ɗan koyo totur yake dannawa, hayaƙi na tashi, laka na feshi, mota na ƙara nutsewa har ta zauna da cikinta. Gwani na jin taya ta juya a banza sau ɗaya sai ya tsaya, ya fito ya duba. Ya kwashe lakar gaban taya da shebur, ya sara rassan ƙaya ko ya shimfiɗa buhu ko katako, ya yi gaba kaɗan, baya kaɗan, yana lilo da ita har ta samu ƙarfin fita. Manyan motoci kuwa da faifan ƙarfe suke yawo, rataye a gefe. A unguwanni kamar Waliya da Digel akwai samarin da damina ce kakarsu: suna zaune a bakin kududdufi, ka kafe su tura ka, ka biya. Wasu na cewa su ke ƙara haƙa ramin da dare. Ni dai ban gani ba, kuma ranar da ka kafe da iyali a mota bayan magariba, jaka ɗaya ta sefa ba kuɗi ba ce.

Ruwa kwance shi ma wani babi ne. Manyan lambatun garin nan da yawa a buɗe suke, in ruwa ya shafe titi ba ka sanin ina kwalta ta ƙare ina rami ya fara. Hukumar yanayi ta Amurka na gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 na iya tafiya da ƙaramar mota, mai santimita 60 kuwa har da manya. Santimita 30 fa bai kai gwiwa ba. In ba makawa sai ka ratsa, bari wani ya riga ka ka ga iya inda ruwan ya kai masa, ka shiga da giya ta ɗaya, tafiya ɗaya ba tsayawa. In ta mutu a tsakiya kada ka sake tayar da ita. Injin da ya shaƙi ruwa aka tilasta masa juyawa, ƙarfen cikinsa ke lanƙwashewa, gyaran da zai tsaya a juye mai ya koma sayen inji. In ka fita lafiya, ɗan tattaka birki kana tafiya a hankali har ya bushe.

Abin mamaki ga baƙo shi ne babban ruwan Injamena ba lokacin da ake ruwan sama yake zuwa ba. Shari daga Afirka ta Tsakiya yake ɗauko ruwansa, Logon kuma daga tsaunukan Adamawa na Kamaru, sai sun yi makonni a hanya. Sai a Oktoba, sama ta washe, mutane sun fara shanya, sannan kogi ke cika ya tumbatsa. Haka aka yi a 2022, ruwa ya ci Waliya da maƙwabtanta, titunan da muke bi da mota aka koma bin su da kwalekwale, har shugaban ƙasa Mahamat Idris Debi ya kafa dokar ta-ɓaci a ranar 19 ga Oktoba. Wata biyu bayan nan, a ƙarshen Disamba, guguwar dusar ƙanƙara ta rufe birnin Bafalo a jihar Niyok ta Amurka, sama da mutum 40 suka rasu, wasunsu a cikin motocinsu aka same su. A irin wannan hali akwai abin da ya kamata duk mai ɗa a ƙasashen sanyi ya faɗa masa: in dusar ƙanƙara ta tsare ka a mota, ka kunna inji don ɗumi, to fita ka tabbatar bakin salansa bai toshe ba. In ya toshe hayaƙin ciki yake dawowa, ba shi da wari, barci kawai mutum zai ji.

To ga inda nake son 'yan'uwana 'yan kasuwa su saurare ni da kyau, don maganar tamu ce.

A hanyoyin ƙasa na Chadi akwai abin da ake kira shingen ruwa. Ƙarfe ne ake gittawa a bakin gari, in an yi ruwa a rufe, manyan motoci su jira har hanya ta sha iska. Dalili biyu ne: kada mota ta kife, kada kuma gingimari mai tan 30 ta yanka hanyar ta bar ramin da zai wahalar da kowa har rani. Direba ba ya ƙin shingen nan. Shi ya san abin da ke gaba, ga shayi, ga inuwa, ga abokan hira. Wanda ke ƙin shinge shi ne mai kaya. Mu ke nan. Mu ne muke zaune a rumfa a Kasuwar Gero ko Dembe, ƙafarmu a bushe, muna buga waya: "Kana ina? Wane ya riga ya iso, farashi na faɗuwa. Ka san yadda za ka yi ka wuce." Direba kuma talaka ne, yana tsoron a karɓe makulli.

Na taɓa kwana biyu a wani shinge a gabas, kan hanyar da ta rabu da kwalta. Akwai wata mota ɗauke da sukari, mai kayan na cikinta, dattijo mai kamala in ka gan shi. Tun asuba yake bin direbansa. Direban na cewa, "Alhaji, a yi haƙuri zuwa azahar, ƙasar nan ba ta yi ba." Alhaji ya ce shi ba a Chadi ya fara fatauci ba. Ƙarshe suka zagaye shingen ta cikin daji. Da muka tashi washegari muka same su bai fi kilomita biyar ba, motar ta kwanta a gefenta cikin ruwa, sukari ya zama na kifi. Yaron motar, wanda bai fi shekara 17 ba, yana saman kaya lokacin da ta kwanta. Ƙafarsa ta karye wuri biyu. Alhaji na zaune a kan tabarma yana ta cewa ƙaddara ce. Ba wanda ya musa masa, ba a jayayya da ƙaddara. Amma direbobin da ke wurin ba wanda ya zauna kusa da shi.

Hanyar da ta fi shafar yawancinmu ita ce ta gida. Ka haye gadar Ngeli, wadda aka gina a 1985, ka shiga Kusuri, ka bi ta Maltam zuwa Fotokol, ka ƙetare zuwa Gambaru, sai Dikwa, sai Mafa, sai Maiduguri. Duka-duka ba ta kai kilomita 300 ba. Da rani, in da zaman lafiya, tafiyar yini ce. Da damina kuwa tirela kan yi kwanaki a firgin da ke tsakanin Dikwa da Gambaru, mota ɗaya ta kafe ta tsare ɗari. Ga kuma abin da kowa ya sani na rashin tsaro tun harin Gambaru na watan Mayun 2014, wanda ya sa kwana a daji a hanyar nan ya wuce maganar sauro. Ɗan kasuwa mai lissafi tun watan Mayu yake cika sito da kaya masu nauyi, siminti ne, sukari ne, taya ce, ya bar wa Agusta abin da ba zai iya jira ba. Ribar da ake hange a saurin kwana ɗaya ba ta kai kuɗin hayar katafila ta jawo mota ba, balle diyyar rai.

Ku ma iyayen gida da hannunku a ciki, ku yi mini afuwa. In maigida ko ɗanki ya kira ya ce ruwa ya tsare su a Masaget ko Bokoro, za su kwana, kada a ce masa "ai gobe ne sunan" ko "kowa ya zo sai kai". Ki ce Allah ya kawo ku lafiya, a ajiye masa nasa naman.

Saura maganar da ta fi kusa da rumfata. Dusar ƙanƙara ba ta zuwa Injamena, amma tayarta na zuwa, kwantena-kwantena. Na je Burasel ta Beljiyam sau biyu, unguwar Heyvaert inda ake lodin tsofaffin motoci zuwa Afirka, na ga yadda ake tara taya. A ƙasashen sanyi mota ɗaya saiti biyu gare ta, na rani da na hunturu. A lardin Kebek na Kanada ma doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole motarka ta sa tayar sanyi. In sun ɗan ci sai a cire su, su biyo jirgin ruwa zuwa Duwala ko Kwatano, su ƙare a kasuwanninmu da sunan 'yar Beljiyam. Mai saye ya ga zane mai zurfi, ga ƙananan tsage-tsage kamar an yi mata ado, ya ce wannan ai sabuwa ce.

Duba gefenta. In ka ga hoton tsauni mai kai uku da ɗan fure mai rassa shida a cikinsa, tayar hunturu ce. Robarta mai laushi ce, an yi ta don ta kama ƙasa lokacin da sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7. Ka ɗora ta a kwaltar Mundu a watan Afrilu, da lodi, da gudu, za ta cinye kamar sabulu a ruwa, birki ba ya kama ta yadda ya kamata, in kuma ta tsufa tana iya fashewa. Akwai kuma masu haruffan M+S, wato laka da dusar ƙanƙara a Turance. Ka ga su kansu masu ƙera taya sun haɗa abubuwan nan biyu a layi ɗaya. Amma kada haruffan su ruɗe ka, lakar da suke nufi ba firgi ba ce. Firgi sai taya mai manyan haƙora da faɗin tsakani, wadda ke tofar da laka tana juyawa. Sannan ka nemi lambobi huɗu da ke ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 3514, an yi ta a mako na 35 na 2014. Komai kyan zanenta, roba ce da ta tsufa. Ni a rumfata nakan ware su gefe, in faɗa wa mutum abin da yake saya. Wasu abokan sana'a na cewa ina ɓata kasuwa. Mai tasi da ke yawo cikin gari a hankali, in ya ce ita aljihunsa ya kai, na sayar masa. Mai motar haya da zai ɗauki mutum 18 zuwa Abeshe, ko ya roƙe ni ba na ba shi.

Haka in za ka sayi motar da ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka, kada fenti ya ɗauke maka hankali. Shimfiɗa buhu ka kwanta ka leƙa ƙarƙashinta da tocila. Gishiri suke watsa wa titunansu don ya narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuma cin ƙarfe yake. Ka duba shasi, ka duba siraran bututun man birki. Na ga motar da samanta ke ƙyalli kamar amarya, makanike ya sa sukundireba a ƙarƙashi ya huda ta kamar biskit. Irin wannan ta shiga lakar Injamena damina ɗaya, lakar ta maƙale a kan tsatsar ta riƙe danshi, to sai dai a sayar da ita kaya-kaya.

Zuwa ƙarshen Oktoba ƙasa ta fara darewa, masu berbere sun gama dashe, an ɗage shingaye. Sawun da manyan motoci suka yanka a watan Agusta ya bushe yadda yake, da kaifinsa, shi ke yanka gefen taya ya karya sifirin har sai an turo gireda. Lokacin ne kasuwata ke buɗewa. Daga nan kuma sai iskar arewa ta taso da farar ƙurar Bodele, can wajen Faya, ta rufe gari har a kunna fitilar mota da hantsi, mai tafiya Jarmaya ba ya hango tirelar da ke gabansa sai ya zo dab da ita. A makon da na fara ɗaura rawani a hanci, a makon ne ɗan yayata ke aiko mini da hoton motarsa a kan jak, ana sauya mata taya.